Yadda za ka nemo rubuce-rubucen da za ka yi bincikenka da su, daga Marwa har Njamena

Duk shekara in lokacin memwar, wato kundin binciken kammala karatu, ya zo sai ƙannenmu na jami'ar Marwa a Kongola da na jami'ar Ngaundere a Dang su fara turo min saƙo, kuma kusan magana ɗaya ce, wai yaya na shiga Google na duba babu komai a kan batuna. Wani har ya fara tunanin canza batu saboda haka. To ni abin da nake gaya musu shi ne wallahi akwai, akwai ma da yawa, sai dai ba inda kuke leƙawa yake ba, yawancin abin da aka rubuta a kan yankinmu na arewacin Kamaru da Cadi yana cikin kwali a bayan ofis, ko cikin gafakar wani malami, ko cikin wayar mutane, kaɗan ne ya hau intanet. Kuma in na ce rubutu ba littafi kawai nake nufi ba, jarida ce, rahoton su-furefe ne, wato jami'in gwamnati mai mulkin gunduma, wasiƙar da aka kai fadar lamido, takardar sulhu tsakanin manoma da makiyaya, littafin bashin ɗan kasuwa, huɗubar Juma'a, saƙon WhatsApp, duk waɗannan mai nazarin al'umma yana aiki da su.

Kafin ka taka ko'ina zauna ka yanka wa kanka iyaka. Wannan shi ne wurin da yawancinmu ke faɗuwa, mutum ya ce batunsa "rikicin manoma da makiyaya a arewa", to daga yaushe zuwa yaushe, a wane gari, a bakin wa? Dubi bambanci in ka ce: ina so in ga yadda jaridu suka ba da labarin faɗan Logone-Birni tsakanin Larabawan Shuwa da Musgum daga Agusta zuwa Disambar 2021. Yanzu ka san wata biyar kake nema, ka san jarida kake nema, ka san abin da za ka bari ko da ya burge ka. Rubuta wannan iyakar a shafin farko na kayenka, wato littafin rubutunka, abin da zai shiga da abin da ba zai shiga ba da dalili, domin ranar sutnans, ranar da za ka kare aikinka a gaban malamai, sai an tambaye ka me ya sa ka ɗauki wannan ka bar wancan, kuma "shi na samu" ba amsa ba ce.

Sai kalmomin nema, kuma nan zan ɗan daɗe don mu matsalarmu ta fi ta wasu. Gari ɗaya sai ka ga suna uku ko huɗu gare shi. Marwa a takardun Faransanci Maroua ce, a na Jamusawa Marua. Garwa haka, Garoua da Garua. Kusiri a zamanin Faransawa Fort-Foureau ake ce mata, Njamena kuwa Fort-Lamy ce har zuwa 1973, to in ka rubuta N'Djamena kana neman takardar 1950 ai ba za ka same ta ba. Shuwa ana rubuta Choa, Choua, Shuwa, Musgum ana rubuta Mousgoum, Mousgou, Musgu, mu kanmu Hausawa Haoussa ne a wani wuri Haussa a wani wuri. In kuma rubutun Hausa kake nema gwada "ƙasa" ka gwada "kasa", don masu rubutu a waya ba sa sa lanƙwasa. Yi jerin duk waɗannan a takarda, duk lokacin da ka ci karo da wani sabon salo ka ƙara. A Google ɗin ma akwai dabara, sa kalma tsakanin alamar zance in kana so ta fito yadda ka rubuta ta, ƙara filetype:pdf in rahoto kake so, sa site: da adireshin jarida in a cikinta kaɗai kake so a duba. Da wannan kaɗai za ka ga abin da ka ce babu ya fara fitowa.

Wuraren intanet da ya kamata ka fara da su ba su da yawa. Horizon Pleins Textes na IRD, cibiyar bincike ta Faransa wadda da ake kira ORSTOM, nan ne aka zuba tsofaffin binciken da Faransawa suka yi a kan duwatsun Mandara da kwarin Logone da noman auduga da muskuwari, wato dawar rani, kyauta ake saukewa. Persée da OpenEdition suna da mujallun ilimi, Gallica na babban ɗakin karatun Faransa yana da jaridu da rahotannin zamanin mulkin mallaka, theses.fr da HAL don aikin dakta. In batunka ya shafi gudun hijira ko ambaliya ReliefWeb ne wurin, rahotannin HCR da OCHA, hukumomin agaji na Majalisar Ɗinkin Duniya, a kan sansanin 'yan gudun hijira na Minawao da yankin Logone-et-Chari suna nan da kwanan wata. Sassan Hausa na BBC da DW da RFI su ma rubutu ne da za ka iya tarawa. Amma duk shafin da ka samu ka adana shi a lokacin, ka mayar da shi PDF, ka kuma shiga Wayback Machine, shafin da ke adana shafukan intanet, ka sa ta ajiye kwafi, shafukan jaridun nan namu yau suna nan gobe ka dawo ka tarar an rufe.

Jaridar takarda kuwa sai ka tashi ka je. L'Œil du Sahel ta Guibaï Gatama ita ce ta fi bin labarin jihohin arewa uku, Cameroon Tribune ta gwamnati ce tun 1974, akwai Mutations da Le Jour da Le Messager. A Cadi akwai N'Djaména Hebdo da mujallar Tchad et Culture, kuma ɗakin karatun CEFOD a Njamena wuri ne da mai neman tsofaffin jaridu ya kamata ya fara sallama. Kada ka ɗauki jarida ɗaya ka ce ka ji labari, haɗa ta gwamnati da mai zaman kanta ka ga wa kowacce ta ba baki, wa ta kira "maharan" wa ta kira "mazauna". In shekarun da kake dubawa sun yi yawa ba za ka iya karanta duka ba, akwai hanyar da masu nazarin jarida ke bi, ka ɗauki Litinin a makon farko, Talata a na biyu, Laraba a na uku, haka har ka haɗa mako guda na roro, ka maimaita a kowane zango. Amfaninsa shi ne ba son ranka ne ya zaɓa ba.

Yanzu arshib, wato ma'ajiyar tsofaffin takardu. Babban na ƙasar Kamaru yana Yawunde, akwai reshe a Buea mai takardun zamanin Ingilishi. Amma tarihin arewa a warwatse yake saboda yadda aka yi ta miƙa mu hannu zuwa hannu. Kafin Turawa lamidojinmu ƙarƙashin Yola suke, to wasu wasiƙun sai Najeriya, a arshib na ƙasa da ke Kaduna da Arewa House. Na Jamusawa, 1884 zuwa 1916, da yawa suna Balin. Na Faransawa wasu suna Aix-en-Provence. Na sani ɗalibin masta ba shi da kuɗin zuwa can, shi ya sa nake cewa fara da na kusa da kai, ofishin gwamna, na furefe, na su-furefe, meri wato ofishin magajin gari, misho, fadar lamido. Rahoton da su-furefe ke aikawa sama, takardun zaman sulhu, ƙorafin da talakawa suka rubuto a kan gona ko burtali, wallahi wani lokaci abin da ke cikin kwali ɗaya a ƙaramin ofis ya fi abin da za ka samu a wata guda kan intanet. Je da takardar shaidar bincike daga sashenku, da wasiƙar neman izini mai tambur, kwafi biyu, ɗaya a buga maka hatimi ka riƙe. Ka yi haƙuri da "dawo gobe". Kuma ka girmama dattijon da ke riƙe da makullin ɗakin, ka gaishe shi da kyau, ka ce Baba ga abin da nake nema, sau da yawa jerin takardun ba a rubuce yake ba, a kansa yake. Tafi da takunkumi saboda ƙura, da batir na caji saboda wuta.

Bari in gaya muku abin da ya same ni don kada ya same ku. Lokacin da nake nawa aikin na samu izini a wani ofis, kwana uku kawai aka ba ni, ɗakin duk ƙura da kashin ɓera, gara ta ci gefen wasu kwalayen. Saboda zumuɗi na dinga ɗaukar hoto ba tsayawa, na tara sama da ɗari huɗu a waya, na hau kilando na koma gida ina murna. Da na zauna karantawa sai na ga ban ɗauki bangon ko da fayil ɗaya ba. Ga rahoto mai kyau a gabana yana maganar rikicin wani tafki, amma shafi na biyu ne, ban san shekara ba, ban san wa ya sa hannu ba, ban san daga wane kwali ya fito ba. Na koma, an canza shugaban ofis, sabon ya ce sai na sake neman izini daga farko. Kusan rabin hotunan nan ban iya sa su a memwar ba, har yau in na tuna raina yana ɓaci. Tun daga ranar dokata ɗaya ce, hoton farko na kwali ne da lambarsa, na biyu bangon fayil, sannan shafuka a jere har da bayan takarda in akwai rubutu ko hatimi, in na gama fayil sai in ɗauki hoton tafin hannuna don in san nan ya ƙare.

Kuma a daren ranar, ba gobe ba, ka shigar da komai a rajista. Tebur ne kawai a Excel ko ma a kaye: lamba, irin takardar, wanda ya rubuta, wanda aka rubuta wa, ranar da aka rubuta, harshe, inda ka samo, ranar da ka ɗauka, sai wuri ɗaya na abin da ka lura. Sunan fayil ya fara da shekara da wata da rana, kamar 2021-12-09 sannan sunan jarida da shafi, haka za su jeru da kansu. Akwai manhaja kyauta mai suna Tropy da aka yi musamman don hotunan arshib, Zotero kuma don littattafai da maƙalu, koyon su bai fi yini ɗaya ba. Kwafi uku, ɗaya a kwamfuta, ɗaya a kile, wato USB, ɗaya a imel ko Drive duk ranar da ka samu mega, don zafin Afrilu na nan da ɗauke wuta da ɓarayin waya duk sun taɓa cinye wa mutane aikin shekara.

Abin da ya sa nake nanata wannan rajistar, rubutu ba daga sama yake faɗowa ba, wani ne ya zauna ya rubuta don wani ya karanta, kuma in ba ka san su waye ba za ka ɗauki maganar mutum ɗaya ka ce ta gari ce. Rahoton su-furefe yana so ne na sama ya ga gari lafiya ko ya ga ana buƙatar ƙarin jandarma. Rahoton ƙungiyar agaji yana magana da masu ba da kuɗi. Wannan bai hana su amfani ba, dubi abin da ya faru a Njamena, a 2001 Reed Brody da Olivier Bercault na Human Rights Watch suka shiga tsohon ginin DDS, 'yan sandan sirrin tsohon shugaban Cadi Hissène Habré, suka tarar da dubban takardu zube a ƙasa. Waɗanda suka rubuta su ma'aikatan azabtarwa ne suna kai rahoto ga shugabansu, amma da aka jera su ɗaya bayan ɗaya aka shigar a kwamfuta sai ga sunayen mutum 1,208 da suka mutu ko aka kashe, da 12,321 da aka ci zarafinsu, kuma takardun suna cikin hujjojin da aka yi amfani da su har aka yanke masa ɗaurin rai da rai a Dakar ranar 30 ga Mayun 2016. Aikin jerawa da rubuta asalin kowace takarda shi ya ba su ƙarfi.

Sai ajami, wanda mu ne ya kamata mu fi kowa cin moriyarsa tunda da yawanmu mun yi allo. A gidajen malamai da tsofaffin attajirai a Garwa da Ngaundere da Banyo akwai wasiƙu da waƙoƙin wa'azi da lissafin fatauci, da Larabci da Fulatanci da Hausa. Ba a shiga irin wannan gida da takardar jami'a a hannu, ana shiga ne ta hannun wanda aka sani. Na taɓa zuwa wurin wani dattijon malami sau uku muna gaisawa kawai, a na huɗu ne ya aiki jikansa ya ɗauko gafaka, ya kwance igiyar a hankali, takardun ba a ɗinke suke ba, warwara ne, babu lambar shafi, sai dai a ƙasan kowane an rubuta kalmar da shafi na gaba zai fara da ita. Na ce Allah gafarta Malam, a ba ni izini in ɗauki hoto? Ya ce wannan ka ɗauka, wannan kuwa a'a, na gida ne. Ban ƙara tambaya ba. In ka samu irin wannan dama kada ka canza jerin takardun, kada ka sa filashi, ka duba ƙarshen rubutun don nan mai kwafi kan sa sunansa wani lokaci har da shekara, kuma ka roƙi mai su ya karanta maka da bakinsa kana naɗa, saboda ajami kowane malami da hannunsa, wasali ɗaya zai iya juya maka ma'ana. Kada ka ce a ba ka aro ka tafi da su, ko an yi maka tayi.

Na waya kuma fa. Facebook da WhatsApp nan ne mutanenmu ke magana yanzu, amma ɗebo su ya yi wuya fiye da da, Meta ta rufe CrowdTangle a Agustan 2024, Twitter ma ta daina ba da hanyar ɗiba kyauta tun 2023. Ga ɗalibi abin da ya rage shi ne hannu, ka zaɓi shafuka na fili guda kaɗan, ka sa ranakun da za ka duba, ka kwafe rubutun da adireshinsa da ranarsa ka haɗa da hoton allo. Guruf na WhatsApp daban ne, wannan zaure ne na mutane, ba kasuwa ba, sai ka nemi izinin admin kuma a sanar da 'yan guruf cewa ga abin da kake yi, in sun yarda akwai wurin Exporter a cikin saitin hira da zai fitar maka da ita a rubuce. Ka tuna kuma su wa ke rubutu a wurin, galibi samari ne na birni masu boko da mega, uwar da ke ƙauyen Waza ba ta ciki, makiyayin da ake ta zagi ba ya ciki, to kada ka rubuta "ra'ayin jama'ar arewa" a kan sharhin Facebook. Wani lokacin ma shirun ba na mutane ba ne, a Cadi an toshe kafofin sada zumunta daga Maris 2018 zuwa Yulin 2019, wanda ya ga rubutu ya ragu a watannin nan ya ce mutane sun daina damuwa ya yi kuskure babba.

Yawancin saƙonnin ma murya ce, huɗuba da shirin rediyo haka, to sai ka mayar da su rubutu da kanka. Ni awa ɗaya ta magana takan ci min yini guda. Rubuta da harshen da aka yi maganar, in mutum ya fara da Hausa ya tsallaka Fulatanci ya sako Faransanci bar shi haka, fassara ta zo a gefe, domin inda ya canza harshe ma wani abu ne da za ka yi nazari. Manhajojin da ke karanta hoto su mayar da shi rubutu, irin Google Lens, suna ƙoƙari da Faransanci bugun inji mai tsabta, amma ƙ da ɗ da ɓ suna rikita su, tsohon bugun tafireta ma haka, dole ka bi layi layi ka gyara kafin ka zuba a AntConc ko wata manhajar ƙirga kalmomi.

Maganar tsaro ba wasa ba ce a nan. Akwai dokar yaƙi da ta'addanci ta Disambar 2014, kuma duk mun san Ahmed Abba wakilin RFI Hausa da aka kama a Marwa a Yulin 2015 bai fito ba sai Disambar 2017. In batunka ya taɓa Boko Haram ko 'yan banga ko sojoji kada ka yi yawo da bidiyo ko saƙonninsu a waya kana wuce shingen bincike, zauna da malamin da ke duba aikinka ku tsara yadda za a yi tun kafin ka fara, takardar izininka kuma kullum tana aljihu. Kamaru ta kuma yi dokar kare bayanan mutane a Disambar 2024, amma ko babu doka amana ce. Cire sunaye da lambobin waya tun ranar da ka kwafe, sa musu lamba kamar M1, M2, takardar da ke nuna wane ne M1 ta zauna daban a gida ba a cikin kwamfutar ba. Ka lura kuma a ƙaramin gari in ka ce "wani limami a unguwa kaza" ai ka riga ka faɗi suna. Maganar da ka kwafo daga Facebook kalma da kalma ana iya nemo mai ita, in mai zafi ce ka faɗi ma'anarta da naka kalmomin.

Yaushe za ka tsaya da tarawa? In ka cika iyakar da ka yanka a shafin farko, ko ka ga sabbin takardu sun daina kawo maka sabon abu sai maimaici. A nan sai ka buɗe rajistarka ka ƙirga, nawa daga gwamnati, nawa daga jarida, nawa daga bakin mutanen da abin ya shafa, nawa mata suka rubuta ko suka faɗa, in wani ɓangare ya fito fayau ko ka koma ka nemo ko ka rubuta ƙarara a babin hanyar bincike cewa wannan muryar ba ta cikin abin da ka tara. Kwafin rajistar ka sa shi a ƙarshen memwar, ka bar ɗaya a sashenku don na bayanka ya san wane kwali ne a wane ofis. Hotunan da ka ɗauka a gidan malam kuma ka buga su a takarda mai kyau ka sa a leda ka kai masa da hannunka, ka haɗa da goro.